Iskar Ɓarauniyar Hanya a Kan Titin Dakoro

Ɗaurin auren ɗan aminin Kawu ne ya tashe mu daga Maraɗi bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu, cikin tsohuwar motarsa, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano bayan sun ci ƙuruciyarsu a Turai. Ni ke tuƙi, Kawu na gefe da carbinsa, huhun goro yana baya. Tun a ƙofar gida motar ta nuna hali: ta tashi, ƙarar injin ta hau, ta sauka, ta sake hawa, sai ɗif. Sai da na ɗora ƙafa a kan totur na riƙe ta kafin ta yarda ta zauna.

Kawu bai ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci. "Man 'yan ruwa-ruwa ne. Na hana yaran nan zuba mini man kwalba, ba sa ji." A ƙasarmu duk motar da ta yi tari, mai sayar da mai a bakin hanya ne ke shan zagi, ko da kuwa an daɗe da samun matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, kuma kasuwar man sumoga ta ja baya tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayu na 2023. Ban yi musu ba. Ba a gardama da mai mota da sassafe.

A Tibiri muka bar babban titin Yamai muka miƙa arewa. Tafiyar kimanin kilomita 120 ce, kuma muddin ana gudu motar lafiyarta lau. Hazo ya rufe gabas, rana ta fito fara fat, gonaki sun zama fili sai karan gero da rumbuna, gawo kaɗai ke da ɗanyen ganye. Amma da zarar na ɗaga ƙafa, ko don amalanken shanu, ko don shingen jandarma, sai injin ya yi rawa ya mutu. In na tada ta na sa giya, sai ta yi turus kafin ta fizga. Wata fitila ruwan goro ta kunnu a gabana. A Sabon Mashi sai da yara suka tura mu, Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri.

A Kornaka wani saurayi mai akwatin sifana ya ce buji ne. Ya kwance su ya goge, bakinsu fari tas, abin da ya kamata ya sa shi tunani, don injin da ke samun isasshen mai ba ya barin buji da wannan fari. Da ya ga ba ta canza ba, sai ya ɗaure wayar totur ta yi tauri, injin ya riƙa kuka sama-sama ko an tsaya. Mota ta daina mutuwa, ya karɓi kuɗinsa. Irin wannan gyara ne ya fi ba ni haushi, domin ciwon yana nan, bakin mara lafiya kawai aka toshe.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Dakoro. Garin ba tsoho ba ne sosai, Faransawa ne suka mai da shi mazaunin mulki a 1947, alhali Birnin Lalle da ke kusa da shi ya taɓa zama fadar Gobirawa tun da daɗewa. Amma gari ne na bakin iyaka. Daga arewacinsa kwarin Tarka ne, inda dokar 1961 ta shata cewa noma ya tsaya, kiwo ya ɗauka. Shi ya sa a titi ɗaya za ka ga Bahaushe da buhunan wake, Buzu a kan raƙumi, da Bororo da sanda a kafaɗa. Motocin da ke haurawa Bermo da dajin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, duk cikin rairayi suke nutso, don haka makanikan garin ƙura ce abokiyar gabarsu ta kullum.

Aka nuna mana wani dattijo mai gareji a gindin dogon yaro. Ya saurari bayanin Kawu game da mai har ƙarshe, bai katse shi ba, sannan ya ce wa yaronsa: "Kai, sassauta wayar nan da aka ɗaure, in ji muryarta ta gaskiya." Injin ya koma rawarsa. Dattijon ya ɗauko guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunne, ya riƙa yawo da ɗayan a jikin injin, a hankali, idonsa rufe. Ya matse tiyon da ke zuwa birki da filaya, ya saurara, ya girgiza kai, ya saki. Can bayan injin, inda hannu ke shiga da ƙyar, ya tsaya. "Alhaji, zo ka sa kunne." Kawu ya kara tiyon, ya yamutsa fuska. Ni ma na ji: wani siririn tsuuu, ba ya yankewa.

Injin mai aiki da fetur awo yake bi. Kowane kilo ɗaya na mai yana son iska kimanin kilo 14.7. A motoci irin ta Kawu akwai wata 'yar na'ura bayan matatar iska, ita ke auna abin da ya wuce ta faɗa wa kwamfutar motar, kwamfuta kuma ta saki mai daidai da shi. Duk iskar da ta shigo ta wata ɓula a gaba da na'urar, ba a ƙidaya ta ba, ba a kuma ware mata mai ba. Haɗin ya tsinke ke nan, kamar furar da aka cika wa ruwa. A kan gudu, ƙofar totur a buɗe take, iska na kwarara, abin da ɓula ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. A tsaye kuwa ƙofar a rufe take, injin na zuƙa da ƙarfi, sai ɓular ta zama babbar hanya. Sanyin safiya yana ƙara dagula abin, don roba na ƙanƙancewa ta yi tauri. Da a Maraɗi ne aka jona wa motar kwamfuta, lambar da galibi ke fitowa ita ce P0171, wato iska ta rinjayi mai. Lambar ba ta nuna inda ɓular take. Wannan aikin kunne ne da hannu.

Don ya tabbatar, ya sa aka sayo ledar ruwa, ya huda ta da allura, ya fesa a wurin. Nan take ƙarar injin ta canza, ruwan ya toshe tsagar na ɗan lokaci. Wasu fetur suke fesawa, in ji shi, shi kam tun da ya ga wuta ta lashe gemun wani ya daina. Wani ɗan siririn tiyo ne bakinsa ya bushe ya dare. Ya yanke wurin da reza gwargwadon gaɓar yatsa, ya mayar, ya ɗaure da waya. Injin ya kwanta lumui.

Kawu har ya sa hannu aljihu, dattijon ya ce: "Dakata, Alhaji. Wannan ya ba mu dalilin mutuwa, bai ba mu dalilin turus ba." Ya sa ni na sa giya na taka birki na ɗan ba ta wuta, shi kuma ya zuba ido. Injin ya karkata a kan mazauninsa, sai babbar robar nan mai lanƙwasa-lanƙwasa da ke tsakanin matatar iska da totur ta miƙe. Ya kwance ta ya juya cikinta sama, ya lanƙwasa: ga tsaga a cikin ninki, tsawon ɗan yatsa, wadda ba ta buɗewa sai injin ya motsa. Ya zura yatsa ciki ya fito da shi ja wur da ƙura mai laushi, ya shafa a bayan hannun Kawu.

"Wannan ce ta fi tsada," in ji shi. "Ta can tana ba ka kunya a gaban jandarma. Wannan kuwa injin take ci." Gaskiyarsa. Ƙurar da ta tsallake matata kai tsaye take shiga, ta haɗu da baƙin mai, ta riƙa goge zoben fistin da bangon silinda, har ran da mota za ta fara hayaƙi da shan mai, a ce tsufa ne.

Babu irin robar a wurinsa. Ya wanke ta, ya shanya, ya yanko tsohuwar robar cikin taya, ya shafa gam, ya naɗe tam, ya ƙara ɗamara. Ya cire kan batir na ɗan lokaci don kwamfutar ta manta awon da ta saba da shi, fitilar ta mutu. Ya ce naɗin zai mai da mu gida, amma zafin bazara ba zai bar shi ba, a nemi wata, a kuma juye baƙin mai.

Mun tarar an shafa fatiha, amma tuwo bai ƙare ba, goron ma ya samu masu ci. Washegari muka juyo, ko sau ɗaya ba ta mutu ba. A Maraɗi na shiga wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota. Robar farko da aka miƙo mini an goge ta da mai tana ƙyalli. Na fita da ita rana na lanƙwasa, sai ga tsaga a ninki, daidai inda tamu ta dare. Mai shagon ya yi dariya, ya ce wa yaronsa ya hau sama ya ɗauko ta cikin buhu.