Daga Kasuwar Kifin Haɗejiya zuwa Ɗakin Gwaji

Tun daga nesa warin banda ke tarbar baƙo a kasuwar kifi ta Haɗejiya. Kwalayen tarwaɗa da ƙarfasa ne jibge a rumfuna, 'yan dako na kai da kawo, fatake daga kudu na ta ja-in-ja da dillalai. Kwali-kwali ake ciniki, farashi kuwa sai yadda kogi ya cika a shekarar.

Na tambayi wani dattijo yadda ake kare banda daga ƙwari. Ya ce shi rana da hayaƙi ya sani, amma akwai masu yayyafa magani, kuma ido ba ya rabe kifin wannan da na wancan. Burbushin irin wannan magani a jikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Na'urar da ke rabe kifin mai magani da marar magani na tarar a wani ɗakin gwaji a Kano, inda ma'aikata ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, janareta na ruri a waje. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini bututun ƙarfe da bai wuce taƙi guda ba, cike da garin silika da aka lulluɓe da wani sinadari mai maiƙo. Ana tura ruwan samfurin da ake son gwadawa ta ciki da ruwa haɗe da metanol. Abin da ke son ruwa ya fito da wuri, mai maiƙo ya maƙale ya makara. Duk wanda ya ga yadda taɓon fadamar Haɗejiya ke riƙe abin da yashi ke saki zai gane.

Lulluɓin ne sirrin. Wanda suke kira C18, mai jerin kabon 18, shi ne na yau da kullum, kuma ya fi riƙo. C8 na saki da sauri, aiki ya ƙare da wuri. Amma wani lokaci sinadarai biyu kan fito manne da juna a C18, na'ura ta nuna su tamkar abu ɗaya. A nan ne ma'aikaciyar ke ɗauko na fenil, wanda ke jan sinadarai masu siffar zobe ta wata hanya dabam, sai su rabu. Ta ce sauya lulluɓi ya fi ƙara tsawon bututu amfani, kuma na ga alamar haka a zanen da ke kan kwamfutarta.

Bututu guda na cin ɗaruruwan daloli, daga waje kuma ake kawo shi. Na fenil ɗin ɗaya tak gare su, a durowa mai makulli yake kwana.