NEMAN SHAKAZOBAR TSOHUWAR FIJO

Yau dai babu labarin soyayya, maganar ƙarfe na zo da ita, sai ku yi haƙuri da ni.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ya san Fijo 504 kamar yadda ya san garma. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975, daga nan ta cika hanyoyinmu. Ita ce motar ma'aikaci, ita ce ta haya, a-kori-kurarta kuma ita ke jidar auduga da masara. An daɗe da daina haɗa ta, amma har gobe za ka gan ta tsakanin Bakori da Ɗanja tana nishi da buhuna.

Tamu siteshan-wagon ce, gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Da ita muke kwaso amfanin gona, da ita muke kai Inna asibiti. Ana gab da kaka sai ta fara wata irin rawa. In ta faɗa rami, maimakon ta miƙe ta natsu, sai ta yi ta lilo kamar kwalekwale, a kwana kuma bayanta ya riƙa neman wuce gabanta. Ga shi a shekarun nan babu mai son mota ta tsaya masa a daji bayan magariba, kowa ya san dalili.

Bakanikenmu dattijo ne, tun zamanin mahaifinmu yake duba ta. Ya danna bayan motar da ƙarfi ya saki, muka tsaya muna kallonta tana hawa da sauka har sau uku. Ya leƙa ƙasa, ya shafo mai a jikin ƙarfen ya nuna mini. Ya ce, “Ɗana, shakazobar baya ta mutu, duka biyun.”

Na ce, “Baba, ai sai a sayo a ɗaura.”

Ya yi dariya ya ce, “Wacce za ka sayo?”

A nan gizo ke saƙar. Sunan 504 ɗaya ne, amma ta ƙasa motoci ne daban-daban. A-kori-kura sifirin ɗinta na baya falle-fallen ƙarfe ne da aka jera. Wagon irin tamu tana da aksul guda mai haɗa tayoyin baya, a kan sifirin mai murɗe guda huɗu, biyu kowane gefe. Salun ma kanta iri biyu ce, akwai wadda kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai, akwai mai aksul guda. Don haka in ka shiga shago ka ce a ba ka shakazobar 504, ba ka ce komai ba tukuna.

Mutane da yawa sun ɗauka shakazoba ce ke ɗaukar nauyin mota. Wannan aikin sifirin ne. Ita bututu ce cike da mai, da sanda mai hawa da sauka a ciki, man yana kurɗawa ta wasu 'yan ƙananan kafofi. Wannan matsin ne ke hana sifirin yin tsalle, taya ta zauna daram a ƙasa. Tayar da ke tsalle kuwa burki ba ya kama ta yadda ya kamata. Ashe maganar ta wuce ta jin daɗin zama, maganar rai ce.

Baba ya kwance ɗaya ya sa mini a buhu. Ya ce in auna tsawonta in an ja ta ƙarshe, in auna in an danne ta ƙarshe, in kuma dubi kawunanta biyu, wanne ne mai zobe wanne ne mai noti. In sabuwar ta yi gajarta, duk lokacin da taya ta faɗa rami ita za ta fizgi nauyin aksul, wata rana ta tsinke ko ta yage mazauninta. In ta yi tsawo, da zarar an loda buhu sai ta ƙure tun sifirin bai gama lanƙwasa ba, cikinta ya farfashe.

A Funtuwa na zaga shago huɗu. Wani yaro ya ɗauko mini wata mai sheƙi a kwali, ya ce, “Yallaɓai, wannan za ta shiga, ko walda kaɗan ce a yi mata.” Na gwada ta da tawa, ta gaza da kusan yatsu uku. Kalmar nan ta “za ta shiga” ita ke kashe tsofaffin motocinmu. Ƙafa ma tana shiga takalmin da ba nata ba, tafiyar ce ba ta yiwuwa.

Sai da na dangana da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. A can ma ido ne ke aiki, don cikin na hannu akwai wadda aka wanke aka fesa wa fenti. Baba ya koya mini dubawa: a tsayar da ita a miƙe, a ja a danna sau da yawa. Mai rai tana turjewa tun daga farko har ƙarshe, kuma ja ya fi dannawa wuya. In ta yi sako-sako a tsakiya, ko sandar ta karce, ko ka ga danshin mai a wuyanta, ajiye musu kayansu. Na yi ta ja ina dannawa har masu shagon suka fara tambaya ko ni ma bakanike ne.

Wajen la'asar na samu biyu iri ɗaya, tsawonsu da kawunansu daidai da tsohuwar. Biyun na saya, domin ba a sa sabuwa a gefe ɗaya a bar matacciya a ɗaya, mota za ta riƙa karkata a kwana. Na haɗo da sababbin robobin da ake sawa a kawunan, su ma in sun cinye ƙara ba ta ƙarewa.

Washegari Baba ya ɗaura, amma bai ƙarasa ɗaure notunan ba sai da ya sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, don kada robobin su murɗe. Ya danna bayanta ya saki, ta taso sau ɗaya ta tsaya. Sannan ya dube ni ya ce in riƙa rage buhu biyu daga abin da muka saba lodawa, sifirin ɗin ma shekarunsu sun ja.