Kwana Uku Ina Baƙo A Ikko, Garin Da Nake Zaune

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta manomi, wadda in ya dawo daga gona ya yi wanka ya ci tuwo ya miƙe bisa tabarma, kafin asuba ta sake shi. Akwai kuma wadda kan kama akawu, da malamin makaranta, da malamin asibiti, da direba, da ɗan jarida, wadda barcin dare ɗaya ba ya maganinta. Mutum ya kwanta da ita ya tashi da ita, abinci ya daina yi masa daɗi, maganar iyalinsa ta zama masa surutu, aikin da ya shiga da marmari ya koma masa kamar dakon dutse.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan gajiya gurbi cikin babban littafinta na jerin cututtuka, ko da yake ta bayyana cewa ba cuta ba ce, wani hali ne da wahalar wurin aiki kan haifar idan ta daɗe ba a shawo kanta ba. Hukumar ta lasafta alamunta uku, watau ƙarewar ƙarfi, da ƙosawa da aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, da kuma raguwar ƙwazo. Duk wanda ya zauna ɗakin tace labarai ya san su, domin labari ba ya jiran kowa, ga shi kuma wayar hannu ta sa ofis yana bin mutum har kan gadonsa.

Maganin da Bahaushe mai aiki a Kudu ya sani shi ne ya karɓi hutu ya tafi gida. To amma hutun nawa yake? Mafi ƙarancin abin da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yanka wa lebura da akawu shi ne kwana shida na aiki, bayan sun cika wata goma sha biyu. Daga Ikko zuwa Kano kuwa tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, yini guda cur wajen zuwa, wani wajen dawowa. In an isa, ga gaisuwar mutuwar da aka yi ba ka nan, ga barkar haihuwa, ga biki, ga 'yan'uwa biyu da ke jiranka ka shirya su, ga rabon tsaraba. Zumunci wajibi ne, babu mai musun wannan, amma wanda ya je dominsa yakan dawo aljihu wayam, gajiyarsa kuma ta ninku.

Wannan lissafi shi ya sa da na sami kwana huɗu a wurin aiki na yi shawarar in kama ɗaki a wani ƙaramin otal cikin Tsibirin Ikko, in yi baƙunci a garin da nake zaune. Na san kalmar otal ba ta da farin jini a kunnen mutanenmu, don sun fi saninta da giya da sheƙe aya. Da na faɗa wa uwargida sai ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, mai gidan kansa a gari me ya haɗa shi da otal? In maƙwabta suka ji me za su ce?" Na ba ta sunan wurin da lambar ɗaki da lambar wayar akawunsu, na kuma ce ranar ƙarshe ta zo da yara mu komo tare. Sa'an nan hankalinta ya kwanta. Duk mai niyyar yin haka ina ba shi shawara ya fara da wannan, gama hutun da ya bar zargi a gida bai yi rana ba.

Ran Alhamis da safe na shiga jirgin ƙasa a tashar Agege, unguwar da cinikin goro ya tara Hausawa tun zamanin Turawa. Jirgin nan na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja cikin watan Oktoba na 2024, yana tasowa daga Agbado ya bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba, ya tsaya Oyingbo. Ta taga ina hangen motoci sun yi cirko-cirko a kan titi, kowa na busa wa na gabansa ƙaho, cikin cunkoson da ke cinye wa ma'aikacin Ikko sa'o'insa na safe da na maraice. Daga Oyingbo na hau danfo, muka wuce Iddo muka haye gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, muka faɗa Idumota. Kafin azahar ina Onikan, akawun otal ya miƙo mini mabuɗi.

Ɗakin ba wani na ƙawa ba ne. Gado ɗaya, tebur ɗaya, kujera ɗaya, da taga mai kallon wata bishiyar mangwaro. Abin da na fara yi shi ne na kashe waya na jefa ta aljihun tebur, na yanka wa kaina cewa sau ɗaya zan kunna ta a yini, bayan magariba, in gaisa da gida. Wannan ya fi kome wuya. Har la'asar hannuna na kai wa aljihu yana lalube, kunnena kuma na jin ƙarar da babu ita. Daga bisani barci ya kwashe ni, irin wanda rabona da shi na manta. Ranar farko ban ga kome na Ikko ba sai rufin ɗaki, ban kuwa ɗauke ta asara ba.

Kashegari na fita da ƙafa. 'Yan taku kaɗan daga masaukina ga Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1957. Na sha wuce ƙofarsa cikin mota ina sauri, ban taɓa shiga ba sai ran nan. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok, da ayyukan tagulla na Binin, da kayan sassaƙa na kabilu iri iri. Amma inda na fi daɗewa shi ne gaban baƙar Marsandin nan da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Hudojin harsashi suna nan a jikinta. Labarin da na sani tun ina makaranta ne, amma gani ya kori ji.

Daga nan na gangara Dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa na Turawa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya da tsakar daren 1 ga Oktoba, 1960. Gumakan fararen dawaki na tsaye bisa ƙofarsa, ƙarƙashinsu motocin haya na lodi, masu tallan ruwa na kai da kawowa, babu mai ɗaga kai ya dube su. Ni ma da haka nake wucewa.

Ran Asabar na bi titin Broad zuwa lambun da ake kira Freedom Park. Wurin nan asalinsa kurkuku ne na zamanin mulkin mallaka, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay, daga baya kuma Cif Obafemi Awolowo. A 2010, shekarar da ƙasa ta cika hamsin da samun mulkin kai, aka mai da shi wurin shaƙatawa. Tsohuwar katangar tana nan, an kuma bar alamar ɗakunan fursuna don mai ziyara ya ga ƙanƙantarsu. Na zauna inuwa wajen sa'a biyu ba na yin kome. Ba na jin na taɓa zama haka tun da na kama aiki, ba littafin rubutu a hannu, ba wanda nake jira ya fito in yi masa tambaya.

Da rana ta yi sanyi na ƙarasa titin Martins in ga masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894, ginin da aka yi bisa fasalin da 'yantattun bayi suka zo da shi daga Brazil. Attajirin da ya gina shi, Muhammadu Shitta, Sarkin Musulmin Turkiyya ne ya ba shi sarautar Bey. Ba nisa da shi ga Babban Masallacin Ikko na titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka buɗe a 1988, hasumiyoyinsa sun yi wa kasuwa rumfa. Sa'an nan na fito Marina na tsaya bakin ruwa, ina kallon manyan jiragen ruwa a tashar Apapa can ƙetare, da jirgin ƙasa mai aiki da lantarki na Shuɗin Layi, wanda tun watan Satumba na 2023 yake jigila tsakanin Marina da Mile 2, yana wucewa bisa gadarsa.

Da dare na taka zuwa Obalende, inda hayaƙin tsire ke yi wa baƙo jagora. Na zauna teburin wani dattijo mai shayi, mutumin Arewa, hira ta kai mu ga abin da ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce, "Samari, ai mu nan in jiki ya ƙi, sai mu kife tukunya mu ba yaro tebur. Ku masu albashi ku ne ba ku da yaron da za ku bar wa." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Na daɗe ina juya wannan magana, domin ta taɓo ainihin ciwon. Ma'aikaci yakan ɗauka in ya ɗaga ƙafa aiki zai tsaya, alhali kwana uku ba na nan jarida ta fito a kan lokacinta.

Ran Lahadi da sassafe na sake zagawa titin Broad. Bankuna a rufe, kantuna a rufe, titin da ran Litinin ba ka samun wurin sa ƙafa ya zama fayau, har ana jin kukan tsuntsaye da ƙararrawar coci. Ashe garin ma yana hutawa, mu ne ba ma zuwa mu gani. Da hantsi iyali suka iso, muka ci abinci tare, na mayar da mabuɗi.

To, mai karatu zai so ya ji ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Abin da na kashe bai kai kuɗin motar zuwa gida da dawowa da tsaraba ba. Barcina ya daidaita, na koma iya sauraron yaro har ya gama maganarsa. Amma kada a ruɗi kai, kwana uku ba sa gyara abin da shekaru suka ɓata. In mutum ya koma ya tarar da aikin mutum uku yana jiransa shi kaɗai, gajiyar za ta komo kafin wata ya mutu. Saboda haka wajibi ne ya zauna da shugabansa a raba aiki, a san lokacin tashi, a kuma san sa'ar da ba a kiran waya sai da larura. Wanda kuwa rashin barci da baƙin ciki suka ƙi sakinsa bayan ya huta, to likita ya kamata ya gani, kada ya tsaya jiran wani hutun.

Ba kuma lalle sai Ikko ba, ba lalle sai otal mai tsada ba. Mutumin Kano yana da Gidan Makama da Dutsen Dala, na Jos yana da gidan tarihi da duwatsun Shere, na Lakwaja yana da Dutsen Patti da mahaɗar Kwara da Binuwai. Abin nema shi ne ɗaki mai tsabta da tsaro, da yardar iyali, da ƙarfin halin kashe waya. Lafiya uwar jiki ce, wanda ya rasa ta kuwa ran nan za a sa wani a kujerarsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.