Yadda Muka Bar Haya Muka Koma Kundul

A gidanmu haya gado ce. Kakana ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar sauke farali, cikin dubban Hausawan da suka bi ta Barno, suka ƙetare kogin Shari, suka nufi Abeshe da Sudan. Guzuri ya ƙare masa a Fort-Lamy, garin da Faransawa suka kafa a 1900 bayan yaƙin Kusiri inda aka kashe Rabe. Ya ce bari ya ɗan zauna ya yi ɗinki, ya tara na gaba. A nan ya yi aure, a nan aka haifi Baba, a nan kuma aka rufe kakan nawa. Bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba, domin a ganinsa matafiyi ba ya gini.

Baba ya gaji keken ɗinkin, ya gaji ra'ayin. An sauya wa garin suna zuwa N'Djamena a 1973, mu dai muna nan a ɗakunan mutane. Yaƙin 1979 da na 1980 ya ƙara masa hujja. Ina yaro muka tsallaka Kusiri a kwalekwale, domin lokacin ba a yi gadar Ngeli ba. Da ƙura ta lafa muka dawo, sai muka tarar an kwashe kwanon ɗakin da ƙyaurensa. Baba ya dubi Inna ya ce, "Kin gani? Da namu ne, da yau kuka biyu za mu yi." Wannan magana ta zauna mini a zuciya shekara da shekaru, har na girma, na yi aure, na kama nawa ɗakunan haya a unguwar Ridina, ina fataucin atamfa da shadda daga Kano ta hanyar Maiduguri da Gamboru.

Abu biyu ne suka raba ni da ra'ayin Baba. Na farko kuɗin haya. Tun da aka fara tura man Doba ta bututu zuwa Kiribi a 2003, kuɗi ya shigo gari, ma'aikatan kamfanoni da na ƙungiyoyin agaji suka cika shi, masu gidaje kuma suka farka. Kowace sabuwar shekara sai an ƙara, wanda ya yi ƙorafi a nuna masa ƙofa. Na biyu shi ne abin da ya biyo bayan harin 'yan tawaye na Fabrairun 2008. Cikin makonni kaɗan aka fara rushe-rushe a Gardole da wasu unguwanni, dubban mutane suka wayi gari a fili. Na ga dattawan da aka haifa a Gardole zaune kan buhunan kayansu. Abin da na lura da shi kuwa, mai gida ko ba komai yana da bakin magana, yana da takardar da zai ɗaga. Ɗan haya ba wanda ya ko tambayi sunansa.

Maiɗakina ce ta fara furta abin da ke raina. Ta ce, "Maigida, yaran nan girma suke yi. In yau aka ce mu tashi, ina muka nufa?" Tana cikin adashin matan unguwa, ni ma ina da nawa a kasuwa. Muka yi shawara duk kwasar da ta zo ba za a taɓa ta ba. Da abin ya taru muka soma tambaya, nan take muka gane cewa cikin birni ya fi ƙarfinmu. Kuɗin da ba zai sayi zaure a Ridina ba, zai sayi gida da filinsa a bayan gari. Masu neman irin namu wasu sun nufi gabas wajen Liniya, wasu arewa ta hanyar Jarmaya inda ake gina matatar mai. Mu muka dubi kudu, muka ƙetare gadar Shaguwa, muka wuce Waliya da Tukra, muka isa Kundul, kimanin kilomita 25 daga tsakiyar birni a kan titin Mandeliya.

Inna ba ta so ba. Ta ce, "Ɗan nan, daji za ka kai ni? Wa zai zo mini suna, wa zai zo mini gaisuwa?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri ki je ki gani da idonki." Tsoronta ba na nisa kaɗai ba ne. Tun yaƙin 1979 birnin ya rabu a zukatan mutane: unguwannin arewa na Musulmi, na kudu na Kirista, kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Mu kuwa ga shi za mu wuce kudun gaba ɗaya, mu zauna inda ba mu da dangi ko ɗaya.

Dillalan fili sun fi son kai mutum gani da rani. A watan Maris duk ƙasar da ke tsakanin kogin Shari da na Logon shimfiɗe take, busasshiya, ko'ina kamar ko'ina. Dillalin da ya raka ni ya nuna mini wani fili mai faɗi da araha, ya yi ta rantsuwa cewa ruwa bai taɓa kwana a wurin ba. Kawuna, wanda ya yi noma a ƙuruciyarsa, ya duƙa ya tura yatsa cikin tsagar ƙasar. Baƙar laka ce, ta dare kamar ƙasan tsohuwar tukunya, ga kututturen masakwa nan birjik. Ya ja ni gefe ya ce, "Masakwa ba a dasa ta sai inda ruwa ya kwanta ya janye. Wanda ya sayar maka da wannan, tafki ya sayar maka." Ya ce mu dawo a watan Satumba. Da muka dawo, yara ne ke kamun kifi a wurin.

A wannan zuwan ne muka ga gidan da muke ciki yau. Yana kan ɗan tudu mai jigawa, ɗaki biyu na tubali da rufin kwano, katangar zana, da tsohuwar bishiyar darbejiya a tsakar gida. Mai shi tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana son komawa garinsu a kudu. Ba mu taya ba sai da muka zaga maƙwabta muka gaisa, muka tambayi iyakar gidan, muka tambayi ko akwai mai jayayya a kansa. Daga nan muka je gaban Bulama, wato mai garin.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ɗauka sa hannun Bulama shi ne ƙarshen magana. A al'ada haka ne, shi ya san gonar wane da ta wane, shi ne shaidar gari. Amma dokokin ƙasa na 1967 sun ce duk filin da ba a yi wa rajista ba, hukuma ce ke da shi. Saboda haka takardar cinikin da Bulama da shaidu suka sa wa hannu matakin farko ce kawai. Sai masu safiyo sun zo sun auna sun kafa duwatsun iyaka, sai an biya kuɗin ƙasa, sai an bi fayil daga tebur zuwa tebur, kafin a kai ga takardar mallaka da kowa ke kira titir fonsiye. Tafiya ce mai cin kuɗi da takalmi, shi ya sa da yawa suke tsayawa a rabin hanya. A wannan giɓin ne ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, kuma rigimar ƙasa ta cika kotunan N'Djamena. Na san mutanen kirki da suka zuba gumin shekara goma a fili, suka dawo suka tarar wani ya ɗora harsashi. Ni dai na bi tawa takardar har ƙarshe, duk da ta ɗauki shekaru, kuma ban taɓa ganin kuɗin da na kashe a kai a matsayin asara ba.

Ranar da aka ƙulla cinikin, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mun gode." Bulama ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Malam, 'yan birni suna zuwa su sayi ƙasa, su kewaye ta da bulo, su kulle, ba ma sake ganinsu sai ranar da za su sayar. Kai zama za ka yi ko ajiya?" Na ce zama. Ya ce, "To, in an yi mutuwa a fito da kai, in an yi gayya a fito da kai." A lokacin na ɗauka gaisuwar dattawa ce. Daga baya na gane sharaɗin cinikin ke nan, kuma ya fi wanda ke rubuce nauyi.

Shekarun farko sun yi wuya, ba zan ɓoye ba. Babu wuta, sai fitila, kafin Allah ya hore mana sola. Ruwa daga famfon tuƙa-tuƙa na unguwa ake ɗebowa, har muka haɗa kuɗi da maƙwabta aka haƙa mana namu. An hana gawayi tun farkon 2009, ga tukunyar gas sai an shiga birni. Kullum da asuba nake fita in tari mota zuwa kasuwar Dembe, in sake wata zuwa rumfata, kuma duk ranar da gada ta cushe, rana ce ta tafi. Abin da na rage na haya, wani kaso nasa ya koma kuɗin mota. Dare ɗaya ƙaramar 'yarmu ta kwana da zazzaɓi mai zafi, babu abin hawa. Maƙwabcina, ɗan ƙabilar Ngambay mai zuwa coci kowace Lahadi, shi ya tada babur ɗinsa ya kai mu asibiti, ya kuma zauna a waje har gari ya waye.

Wannan dare ne ya buɗe ƙofar da Inna ta rufe. Ta dafa tuwo da miyar kuka ta aika gidansu, matarsa ta dawo da kwanon cike da gyaɗa. Kafin shekara ta zagayo, Inna ta zama kakar layin gaba ɗaya. Matan Larabawan Shuwa masu kawo nono suna sauke ƙorensu a inuwar darbejiyarta, matan Kotoko masu kifi suna kiranta Hajiya, yaran kudu suna zuwa karɓar alewa. Da Larabcin Chadi kowa ke magana da kowa. Abin da unguwannin birni suka raba tun 1979, ƙaramin gari ya haɗa shi ba tare da taro ko jawabi ba, domin famfo ɗaya muke sha, hanya ɗaya ce ke yanke mana da damina. Da ajalinta ya zo, a Kundul aka yi mata sutura, kuma waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa tare da ni sun fi danginmu na jini yawa.

Sannu a hankali muka ƙara ɗaki, muka mai da zana katanga, muka dasa mangwaro da lemun tsami. Da rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Gamboru a 2014, fataucina ya durƙushe na tsawon lokaci. Da a haya nake, da an watso mana kaya waje. Gidan nan ne ya rufa mana asiri: maiɗakina ta yi kiwon awaki da kaji a bayan ɗaki, muka shuka kuɓewa da yakuwa, ba mai buga mana ƙofa a ƙarshen wata.

Sai ambaliyar 2022. Shari da Logon suka cika a lokaci guda, a watan Oktoba ruwa ya mamaye Waliya da Tukra da ƙauyukan da ke kewaye, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. Filin da dillali ya yi mini rantsuwa a kansa, wanda zuwa lokacin an cika shi da gidaje, sai kan kwano ake hangowa. Namu tudun ya tsira, amma ba wanda ya zauna yana murna. Duk namijin da ke da ƙarfi ya fito, muna cika buhuna da ƙasa muna tare ruwa dare da rana, liman da fasto a layi ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyalai biyu suka zauna a gidanmu har ruwa ya janye. Da aka sake yin wata ambaliyar a 2024, mun riga mun san wa ke da kwalekwale, wa ke da shebur, wace tsohuwa ce za a fara ɗaukewa.

Yanzu birni ya biyo mu. Tun da aka buɗe jami'a a Tukra, gine-gine suke ta matsowa, har mutum ba ya gane inda N'Djamena ta ƙare. Abokan kasuwa suna taya ni murna wai gidana ya ninka kuɗinsa. Ni abin da ke damuna daban ne. Gonakin da na tarar ana noma dawa da masakwa sun zama fuloti. Iyalan da suka sayar sun ci kuɗin a biki da babur, yau 'ya'yansu ne ke yi wa baƙi leburanci a kan ƙasar kakanninsu, wasu ma haya suke kamawa a garin da aka binne cibiyarsu. Na san ɗacin haya, ba na so in ga an gadar da ita ga waɗanda suka karɓe mu hannu biyu. Haka nan duk kwarin da aka cike aka yi gini a kai, ruwan da ke kwanciya a can ba ɓacewa yake yi ba, gidan wani yake nufa.

Shi ya sa idan matasa suka zo neman shawara, ba na fara musu da farashi. Ina ce musu su je ganin wuri da damina, su tambayi tsofaffin manoma kafin dillali, su bi takarda har ƙarshenta komai daɗewa. Sannan in tambaye su abin da Bulama ya tambaye ni. Wanda zai saya ya kulle yana jiran tsada, ya sani yana cikin masu korar 'yan gari daga garinsu. Wanda zai zauna kuwa, ya sa 'ya'yansa a makarantar garin, ya sayi nono da kifi a hannun mutanensa, ya fito ranar jana'iza da ranar gayya, kuma in maƙwabcinsa manomi ya zo zai sayar da gonarsa ta ƙarshe, ya zaunar da shi ya roƙe shi ya bar wa 'ya'yansa ko da rabi. Na yi wannan roƙon ga mutane da dama. Wasu sun ji, wasu ba su ji ba, kuma zan ci gaba da yi muddin ina Kundul.