Baƙon Fure A Bulumkutu

Matafiyin da ya fito daga Damaturu zuwa Maiduguri, kafin ya kai tsakiyar birni sai ya ratsa Bulumkutu, unguwar da ke gefen yamma, kusa da filin jirgin sama. Yawancin mutanen ƙasar nan ba su san sunanta ba sai a watan Oktoba na 1982, sa'ad da almajiran Maitatsine suka ta da tarzoma a can, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Amma unguwa ba ta zama labarin rana ɗaya. Wanda ya bi ta da damina zai tarar da inuwar dogon yaro, itacen da asalinsa na Indiya ne, aka kawo shi Lardin Barno a 1928. A wata harabar kuma zai ga wani ɗan fure ruwan ɗorawa mai kaurin ganye, wanda Turawa ke kira marigol.

Wannan suna kalmomi biyu ne na Ingilishi aka haɗa, ma'anarsu zinariyar Maryamu, watau mahaifiyar Annabi Isa, alaihissalam. Mutanen Ingila na dā su suka laƙaba shi don girmama ta, ganin launin furen kamar na zinariya. Sai dai ba wannan furen suka sa wa ba. Wani ne dabam mai suna kalandula, wanda suke jefawa a miya, suna kuma magani da shi.

Wanda ake shukawa a ƙasashenmu kuwa ɗan Meziko ne. Kabilar Aztek ta daɗe tana nomansa, tana kiransa da sunan da ke nufin fure ashirin, saboda yawan ganyayen kansa. Har yanzu mutanen Meziko da shi suke ƙawata kaburbura a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Bayan Sifaniyawa sun ci ƙasar a 1521, sai suka haye teku da irinsa, ya bazu har Arewacin Afirka. Daga can ne ya shiga lambunan Turai, masu lambu suka ɗauka ɗan ƙasa ne, suka ce masa marigol na Afirka. Ga fure ɗaya da aron suna har biyu, ba ko ɗaya da ya faɗi gidan ubansa! A 1753 masanin tsirran nan na Suwidin, Linnaeus, ya rubuta shi da sunan Tagetes.

Abin da ya sa ya dace da wuri irin Maiduguri shi ne ƙasa mai yashi ba ta dame shi ba, yana kuma jure rana. Irinsa ba ya bukatar saye, busasshen kai ɗaya ya isa a yafa a fangali guda.

Masu lambu ya fi kamata su kula da shi. Saiwarsa tana fitar da wani sinadari mai kashe ƙananan tsutsotsin ƙasa da ke kumbura saiwar tumatir da kuɓewa, muddin aka shuka shi da yawa a fangalin, aka bar shi wata biyu ko fi kafin dashe. A Indiya da Sin gonaki guda ake yi masa, a busar da furen, a zuba a abincin kaji domin gwaiduwar ƙwai ta yi launi.