Matsin Turbo: Jamus Na Neman Takarda, Japan Ta Bar Wa Ƙarfe Hukunci

A Jamus, duk wanda ya ƙara wa turbon motarsa matsin iska bai kai an rubuta a takardun motar ba, a idon hukuma motar nan ta rasa izinin hawa titi. Ba sai ya yi gudun wuce sa'a ba, ba sai ya yi hatsari ba. Sashe na 19 na dokar StVZO ya tanadi cewa izinin mota yana faɗuwa idan aka yi mata canjin da zai jefa wasu cikin haɗari ko ya ƙara mata hayaƙi ko ƙara, kuma ɗaga matsin turbo yana shiga ciki. Tun zuwana ƙasar nan abin yake ɗaure mini kai: mutanen da suka bar wasu sassan Autobahn babu iyakar gudu, su ne kuma suke leƙa cikin inji da fitila.

Turbo zuga-zugin inji ne. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya farfela, ita kuma ta riƙa cusa iska cikin silinda. Da bar ake auna matsin. Bar 1 a kan iskar sarari yana nufin kusan ninki biyu na abin da injin zai shaƙa da kansa, sai ƙarin mai, sai ƙarin ƙarfi. Sai dai turbo bai san ya isa ba: ƙarin iska na kawo ƙarin hayaƙi, hayaƙin ya ƙara wa farfela juyi. Shi ya sa ake sa masa bawul mai sifirin, wanda da matsi ya kai inda aka tsara zai buɗe, wani kaso na hayaƙin ya bi ta gefe. Na'urar da masu gyara ke sakawa yaudarar bawul ɗin nan take yi, tana rage iskar da ke tura shi don ya jinkirta buɗewa. Saboda haka tana iya ɗaga matsi sama da ƙarfin sifirin, amma ba ta iya saukar da shi ƙasa. Wanda ya ɗaura sifirin bar 1 yana neman 0.7, ko ya kwana yana danna maɓalli ba zai samu ba, sai ya canza sifirin.

Bajamushe mai son ƙarin ƙarfi yakan fara da tambayar takarda kafin farashi. Idan kayan gyaran sun zo da shaidar gwaji ta irin motarsa, ya kai wa masu binciken mota na TÜV ko DEKRA su duba, a shigar da sabon ƙarfin cikin takardu, a sanar da kamfanin inshora. Idan babu shaida sai binciken mota ɗaya tilo, mai tsada da cin lokaci. Wannan ya sa sana'ar ta fi ƙarfi a hannun manyan gidaje irin su ABT a Kempten da Brabus a Bottrop, ko RUF na Pfaffenhausen, wanda hukuma ta amince da shi a matsayin maƙerin mota tun 1981. Birnin Hamburg ma ya ware rukunin 'yan sanda a 2017 don masu motocin fankama da ƙara.

Da farko na ɗauka son takarda ne kawai irin na Jamusawa, kuma akwai shi. Amma titin nasu yana da tasa hujjar. Injin da zai jure matsi mai yawa na daƙiƙa goma daga danja zuwa danja, ba lallai ya jure minti biyar ƙafa na danne a kan totur ba. Zafi ke taruwa, mai ya fara kamawa da wuta kafin fulogi ya kunna shi, fistan ya narke ko gaskit ya ƙone. Kuma motar da aka ƙara wa gudu tana bukatar birki da tayoyin da za su iya da ita, su ma ana dubawa.

Japan ta bi wata hanya dabam. Daga 1989 kamfanonin ƙasar suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata motar da ta wuce ƙarfin doki 280 a cikin gida ba, ga kuma na'urar da ke tsayar da gudu a kilomita 180 a awa. Yarjejeniyar ta kai 2004, lokacin da Honda Legend ta fito da 300. A tsakanin nan aka ƙera injuna masu iya ɗaukar abin da ya fi haka nesa, aka danne su. Nissan Skyline GT-R ta 1989, mai injin RB26 da turbo biyu, ta fito da matsin da bai kai bar 1 ba, kuma wani ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami a cikin tiyo yana cikin abin da ke riƙe shi. A cire shi, matsi ya doshi bar 1. A zarce nan, farfelar turbon ta tangaran ce, sai ta tarwatse. Ke nan iyakar gaskiya ba a ofis take ba, tana jikin ƙarfe. Binciken Shaken, da ake yi bayan shekara uku sannan duk bayan shekara biyu, yana duba hayaƙi da ƙara da fitilu da tsayin mota daga ƙasa, amma ba ya auna matsin turbo. A wannan fili kamfanoni irin HKS da Blitz da GReddy suka bunƙasa, har na'urar sarrafa matsi ta zama abin da direba ke murɗawa daga kujerarsa: ƙasa don cikin gari, sama don filin tsere.

Hanyar Japan ta haifar da ƙwararrun kanikawa, sai dai da fasassun injuna aka biya kuɗin makarantar. Ta Jamus tana danne ƙaramin gareji, amma tana kare wanda zai sayi motar a hannu na biyu, domin abin da aka yi mata a rubuce yake. A nan na fi karkata ga Jamusawa, don mu a gida yawanci mu ne masu sayen hannu na biyu da na uku.

Motocin turbo kuwa suna ta shigowa gida, kuma takardar ba ta biyo su. Mai gyara a Jamus yana saita ƙwaƙwalwar mota da fetur mai oktan 98, wani har 102. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, bai kai haka ba, ga zafin Kano a watan Afrilu yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu na toshe filta. Idan kuma aka cire matatar hayaƙi daga salansa, kamar yadda aka saba, hayaƙi yakan iya fin ƙarfin ƙofar bawul, matsi ya yi ta hawa ko da bawul ɗin a buɗe yake. Wanda ya sayi irin wannan mota, kafin ya nemi ƙari, ya sa a ɗaura mata agogon matsi a ga inda take tsayawa. In an taɓa ƙwaƙwalwarta a waje, a mayar da ita saitin kamfani.