Abin Da Auta Ta Faɗa Mini

Jama'a, na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina, in rubuta ko in bari, domin zance ne na cikin gida, kuma kowa ya san Bahaushe ba ya son a tona masa asiri a bainar jama'a. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya muna hira a ɗakin kwana, wani abokinmu ya ba da labarin ƙanensa ɗan shekara goma wai ya ce zai kashe kansa. Ɗaki ya kaure da dariya, har wani ya ce ai dorina ce maganinsa. Ni ban yi dariya ba. Na taɓa jin irin wannan magana daga bakin ƙanwata, kuma abin da na yi a daren nan bai fi dariyar kyau ba.

Mu mutanen Talata Mafara ne. Mahaifinmu manomi ne, yana da 'yar gona a cikin filin noman rani da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa, wadda aka gama ginawa a 1978 a kan gulbin Sakkwato. Wanda duk ya san ƙasar nan, tun daga Maradun zuwa Mafara har Bakura, ya san ruwan ya kawo shinkafa, ya kuma kawo sauro. Saboda haka zafin jiki ba baƙo ba ne a gidanmu. Yaro ya kwanta, a sayo masa ƙwaya a kemis, jibi ka gan shi yana guje-guje.

To cikin hunturun 2021, a watan Janairu, autarmu ta kwanta da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Shekarunta tara, tana aji huɗu a firamare. Kwana uku ko kunu da ƙyar take haɗiyewa. Inna ta aika aka kira wanzami, ya duba ya ce belu ne, ya yi aikinsa ya tafi. Bayan mako guda Auta ta warware ta koma makaranta, mu kuma muka mance da batun sam sam.

Ran 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata kusan ɗari uku daga makarantar kwana ta Jangebe, wadda ke cikin ƙaramar hukumarmu. Ba gidan da tsoro bai shiga ba. Don haka da Auta ta fara maƙale wa Inna, ko bayan gida ba ta yarda ta shiga ita kaɗai, sai aka ce firgita ce, za ta wuce. Amma abin bai tsaya nan ba. Cikin 'yan kwanaki yarinyar da muka sani ta ɓace mana, aka bar mu da wata dabam. Ta ɗauki kofin koko ya suɓuce. Ta riƙe alƙalami za ta rubuta allonta, sai ka ga kamar kaza ta yi tono. Kafaɗarta tana fizga, yatsunta suna motsi ba ta sa su ba, fuskarta tana yamutsewa kamar mai yi wa mutum gwalo. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Sa'an nan ga waswasi: alwala ɗaya sai ta ƙarar da buta biyu, ta wanke hannu ta sake wankewa, tana kuka tana cewa bai fita ba. Menene bai fita ba? Ita kanta ba ta iya faɗa.

Baba ya zuba mata ido kwana biyu, ya lura da abu guda: da zarar ta yi barci, duk fizge-fizgen nan sai su tsaya cak. Nan ya yanke hukunci. Ya ce, “Wagga ɗiya iya shege ne. In cuta ce, mi ya hana ta yi in tana kwana?” Ka ji hujja mai ƙarfi, kuma ni ma na yarda da ita. Aka fara da tsawa, aka koma tsumagiya. A makarantar allo ma ta sha duka don an ɗauka tana kwaikwayon malam ne da fuska. Yara suka sa mata suna, ba zan maimaita shi a nan ba.

Ina gida a lokacin, na gama sakandare ina jiran shiga jami'a. Wata rana da dare, ana zafi, ina kwance a tsakar gida, sai ta lallaɓo ta zauna kusa da tabarmata. Ta ce, “Yaya, akwai wani abu cikin kaina yana ta ce mini in mutu. Ni ba na so, amma ya ƙi yin shiru.” Wallahi, mai karatu, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Amma me na yi? Na daka mata tsawa. Na ce ta rufe mini baki, wannan maganar kafirai ce, in na sake jin ta sai na gaya wa Baba. Ta tashi sumui sumui ta koma ɗaki. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina yarinya ce, ina ta san mutuwa?

Bayan haka ta fara buga kanta da bango in abin ya motsa, tana cizon bayan hannunta har ya fashe. Da azumi ya kama, a watan Afrilu, aka daina cewa iya shege aka koma cewa iska ce. Aka kai ta wurin wani malami a Bakura, ya yi mata addu'o'i da rubutun sha. Ba zan ci amanar malamin nan ba, mutumin kirki ne, shi ne ma ya fara ce wa Baba a daina dukanta, domin yaron da bai balaga ba shari'a ba ta kama shi da laifi, balle wanda ba ya iya riƙe jikinsa. Bayan salla aka kai ta Maradun wurin kakarmu, ko canjin wuri zai yi amfani. Can aka yi hayaƙi, aka yi jiƙe-jiƙe. A can ne Kaka ta ji ta tana magana ita kaɗai a bayan rumbu, tana cewa gara ta mutu kowa ya huta, Inna ta huta da wankin tabarma, Baba ya huta da jin kunya. Kaka ba ta yi irin tawa ba. Washegari ta ɗauko ta da kanta, duk da halin da hanyar Maradun take ciki, ta dire ta gaban Baba ta ce, “Ka kai ɗiyarka asibiti tun tana numfashi.”

Ku lura da maganganun nan biyu, domin a kansu na fi daɗewa ina tunani. Ta farko, wadda ta faɗa mini, ba son mutuwa ba ne. Tunani ne da ke kutso mata ba ta gayyace shi ba, tana jin tsoronsa, ta zo neman wanda zai taya ta kore shi. Ta biyu kuwa, ta bayan rumbu, wannan ta riga ta zauna ta yi lissafi, ta ga ta zama kaya a kan mutane. Ta farkon cuta ce ta kawo ta. Ta biyun mu muka shuka ta, da tsumagiya da tsawa da sunan banza, a cikin wata uku.

Muka bi ta Lambar Bakura da Tureta muka shiga Sakkwato. Likitar yara da ta duba ta a wani asibiti can, tambayarta ta farko ta ba mu mamaki: “Ta yi ciwon wuya a watannin baya?” Inna ta daɗe tana tuna batun wanzami. Likita ta ce Auta ta damƙi yatsunta, sai hannun ya riƙa matsewa yana saki kamar mai tatsar saniya. Ta ce ta fito da harshe ta tsayar, harshen ya ƙi tsayawa. Ta sa abin saurare a ƙirjinta ta daɗe, daga baya aka yi hoton zuciya aka ga cutar ta ɗan taɓa ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyar. Baba ya kawo hujjarsa ta barci. Likita ta ce ai wannan ita ce alamar cutar, haka take, ba ta motsi sai ido biyu. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ran nan ba.

Sa'an nan ta juya ga Auta, a hankali, ba tare da kwana-kwana ba, ta ce, “Auta, kina tunanin mutuwa?” Inna ta yi salati, ta ce kada a sa mata abin a rai. Likita ta ce tambaya ba ta shuka wannan tunani, sai dai ta buɗe wa yaro ƙofar magana. Auta ta ɗaga kai ta ce e, kuma ta taɓa gaya wa mutum ɗaya. Ba ta faɗi sunana ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Ga abin da na fahimta game da cutar, daga bakin likitar da kuma karance-karancen da na yi bayan na zo jami'a. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna sitireb da ke kawo ciwon maƙogwaro, musamman ga yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyar. In ba a kashe ta da maganin fenisilin ba, a jikin waɗansu yara sai sojojin da jiki ya tanada don yaƙar ta su ruɗe, domin rigar ƙwayar ta yi kama da waɗansu sassan jikin mutum. Sai su far wa gaɓoɓi, ko ƙofofin zuciya, ko wani sashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa wanda ke daidaita motsi da ɗabi'a. Wannan yakan bayyana makonni ko watanni bayan wuyan ya warke, shi ya sa ba mai haɗa su. Wani likitan Ingila, Thomas Sydenham, shi ya bayyana fizge-fizgen a 1686, har yau da sunansa ake kiran cutar, kuma ta fi kama 'yan mata. A ƙasashen da fenisilin ya wadata ta yi wuyar gani, amma inda ake cunkoso da talauci tana nan daram. A 1998 wata likita a Amurka, Susan Swedo, ita da abokan aikinta suka ba da rahoton yara 50 da waswasi mai tsanani ya afka musu farat ɗaya bayan irin wannan ciwon wuya, suka sa wa abin suna PANDAS. Har yanzu likitoci na gardama a kan iyakar wannan ta biyun da yadda za a tabbatar da ita. Amma ta Sydenham ba gardama, kuma an daɗe da sanin tana tafe da waswasi da saurin kuka da fushi da baƙin ciki.

Kuma ba ciwon wuya kaɗai ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba. Sanƙarau da ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja a 2017, ya kama mutum fiye da 14,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 1,000. An ƙirga matattu. Waɗanda suka tashi da kurumta ko farfaɗiya ko canjin hali fa, wa ya bi sawunsu? Haka zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai: yaro ya farfaɗo daga suma a yi hamdala, bayan wata biyu ya zama mafaɗaci ko ya kasa karatu, a ce ya lalace. Ba na cewa duk yaron da ya ambaci mutuwa ƙwayar cuta ce ta taɓa shi. Wani maraici ne, wani zalunci ake yi masa a ɓoye, wani abin da idonsa ya gani ne a daren da aka shigo ƙauyensu. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ko wanne ne daga ciki, ban ga wanda dorina ke warkarwa ba.

Likita ta rubuta allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, duk mako huɗu, shekara da shekaru, don kada ƙwayar ta sake dawowa ta ƙarasa zuciyar. Ta ba da maganin rage fizga. Ta ce a kwashe magungunan feshin gona da duk wani abu mai haɗari daga inda hannunta ke kai, kada kuma a bar ta ita kaɗai. Sa'an nan ta tura mu asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. A nan aka yi ja-in-ja, don Baba ya ce wa zai auri ɗiyar da aka ji an kai ta Kware? Kaka ce ta sake raba gardama, ta ce a bari ta girma tukuna a yi maganar aure. Muka je sau huɗu. Ba a kwantar da ita ba, hira ake yi da ita, ana koya mata yadda za ta bar tunanin ya zo ya wuce ba tare da ta koma buta ba, mu kuma ana koya mana riƙe bakinmu. A ganina darasin namu ya fi wuya.

Fizge-fizgen sun lafa kafin kaka. Allurar ce ta zama aiki, domin a watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, man fetur ya yi wuya, ba halin ka kira ka ji ko akwai magani kafin ka tashi. Sau ɗaya muka makara da kwana tara, Inna ba ta yi barci ba a kwanakin nan. Ɗaya ciwon kuwa, wanda ba ya jin allura, ya fi shekara yana ja da baya a hankali. Ta daɗe in ta zubar da ruwa sai ta kare kanta da hannu, ko da ba wanda ya ɗaga murya.

Yanzu tana ƙaramar sakandare, rubutunta ya fi nawa kyau, har yau kuma tana karɓar allurarta tana ƙorafin zafi. Tabon haƙoran yana nan a bayan hannun hagu. A hutun da ya wuce na raka ta asibiti, muna dawowa a ƙasa ta bakin kasuwa na yi ta-maza na ce, “Auta, kin tuna daren da kika zo wurina a tsakar gida?” Ta ce ta tuna. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, Yaya, ta daɗe da yafewa. Muka ɗan yi tafiya shiru, sai na tambaye ta me ya sa duk gidan ni ta zaɓa ta gaya wa. Ta ce, “Ai na ga kai ne ka yi boko, na ɗauka za ka san sunan abin.”